Ranar da Maɓallin Baba Akawu Ya Nutse

Duk wanda ya yi karatu a makarantar nan cikin shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya taɓa riƙe takardar da Baba Akawu ya buga. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, tsakanin sito da ofishin Shugaba, da ƙofar ƙarfe da taga ɗaya mai sanduna, sai labule mai kauri da matarsa ta ɗinka masa da tsohon bargo. A nan yake buga tambayoyin jarrabawa. Malamai su rubuto da hannu, su sa a ambulan, su miƙo ta taga. Shi kuma ya buga, ya duba, ya ƙirga, ya liƙe, ya rattaba hannu a kan bakin ambulan ɗin. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da faɗa wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba: tambayar jarrabawa ba ta taɓa fita daga hannunsa ba.

Ba da wannan hali aka haife shi ba. Mutumin da ya gada a kujerar, dattijo ne mai kirki, takardar kabon guda ɗaya ta jawo masa kora. Ya jefa ta kwandon shara, ɗalibai suka tsinta, suka ɗaga ta a rana suka karance tambayoyin tas. Baba Akawu yana tsaye ranar da dattijon ya fito da 'yar jakarsa, bayan shekara da shekaru yana aiki, ko bakin ƙofa babu wanda ya raka shi. Abin ya zauna masa a rai bai tashi ba. Tun daga ranar ya kafa dokokinsa. Ba a shiga ɗakin. Duk rubutun malami da ya gama bugawa ya duba, ƙona shi yake yi a wani tsohon gwangwanin fenti. Da wayar hannu ta zo duniya sai ya ƙara doka: kullum da safe zai damƙa tasa a hannun maigadi, sai an tashi ya karɓa.

'Yan'uwa sun yi fushi da shi har sun gaji. Ƙanwarsa ta yi shekara biyu ba ta taka gidansa ba, don ya ƙi ko yi wa ɗanta nuni da babin da zai karanta. 'Ya'yansa biyar duk a makarantar suka yi, babu wanda ya taɓa jin ko ƙanshin tambaya. Matarsa kan ce mutumin nan yana sambatu a cikin barci, ya faɗi abin da ya ci da wanda ya ɓata masa rai, amma da ya zo kan jarrabawa sai ya ja bakinsa ya yi gum.

Shekara goma sha takwas ya yi a kan tafireta kafin a kawo masa kwamfuta, irin ta tebur mai babban akwati. Ya koya, don ba daƙiƙi ba ne, amma yatsunsa ba su taɓa yarda an canza zamani ba. Dukan da ya saba yi wa tafireta shi yake yi wa kwamfuta. In yana aiki, har aji na uku ana jin ƙwas-ƙwas ɗinsa. Kibod huɗu ya aika lahira, kuma kowanne sai ya ce kayan yanzu ne ba su da ƙwari.

To, ranar wata Laraba abin ya zo kan maɓallin kunnawa. Jarrabawar ƙarshen zango washegari za a fara, ƙarfe takwas na safe. Tambayoyin azuzuwa shida duk ya buga, ya duba sau biyu, ya ƙone rubutun malamai tun jiya da yamma. Abin da ya rage kawai ya kunna ya fitar a firinta. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya danna. Shiru. Dama kwana biyu maɓallin na yi masa nawa. Mai haƙuri zai sake dannawa a hankali, amma Baba Akawu sai ya kafa babban yatsa ya danna da ƙarfin da zai isa a tura ƙusa cikin katako. Ya ji ƙas. Maɓallin ya tsage, ya nutse ciki, ya bar rami.

Sai kuma fanka ta tashi a cikin akwatin. Ya ce, "Yauwa." Kafin ya rufe baki ta mutu.

Ya zare wayar wuta daga soket ya mayar. Fanka ta tashi, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta mutu. Ya sake, ta sake. Nan kansa ya fara ɗaurewa. Abu in ya mutu ai ya mutu, in yana da rai yana da rai, amma wannan da zai farka ya yi numfashi huɗu ya koma, bai san sunansa ba. Ya zura biro a ramin. Ya zura tsinken tsintsiya, ya karye a ciki. Ya ɗaga akwatin ya girgiza, ya ji wani abu na ƙarara. Ya ajiye, ya dubi gwangwanin fenti, babu komai a ciki sai toka. Tambayoyin azuzuwa shida, a duk faɗin duniya, a saninsa, wuri ɗaya suke, kuma wurin ya ƙi buɗe ido.

Shugaba ta tafi taro tun da sassafe. Ya ɗaga labule ya ƙwala wa maigadi kira.

"Ka ɗauki wayata ka kira min Auta. Ka ce ta zo da kayan aikinta yanzun nan."

"Lafiya dai, Baba Akawu?"

"Da lafiya ce zan ce ta zo da kayan aiki?"

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa. Tana da shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, sana'ar da ya yi shekara uku yana cewa ba ta mata ba ce kafin ya fara yi mata talla da bakinsa. Ba a yi rabin awa ba sai ga ta, da goyo a baya da jakar kaya a hannu. Ta ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen.

"Baba, buɗe mana."

"Zagayo ta taga."

Ta zagayo. Tagar ta bayan ginin take kallo, inda babu ko inuwar kirki. Ya ɗaga labulen daidai faɗin fuskarsa, ya ba ta labari. Ta ce abu ne mai sauƙi, aikin minti biyar, ya buɗe ta shigo.

"Ba a shiga."

"To miƙo min akwatin ta ƙofa, in gyara a baranda."

"Tambayoyin a cikinsa suke."

"Baba, akwati ne fa. Ko na buɗe shi ba rubutu zan gani ba, wayoyi ne da ƙura."

"'Yarki na aji biyar."

Ta kafa masa ido. Ya san maganar ta soke ta, shi ma ta soke shi, amma ya sha mur. In gobe wani ya ce an ga 'yar Akawu a ɗakin jarrabawa ana gobe za a fara, shekara talatin da ɗaya sun tashi a banza kenan. Ta ciro wayarta ta ce to ya ɗauki hoton cikin akwatin ya nuna mata. Ya ce waya ba ta shiga ɗakin nan. Ta kwance goyon, ta gyara, ta sake ɗaurewa, ta ajiye jakarta a ƙasa.

"To shi kenan. Ni ce ido, kai ne hannu. Allah ya sa mu gama lafiya."

Kafin su fara ya ce ta dakata. Ya saki labulen, ta ji yana ta motsi da kaya a ciki, sannan ya dawo ya ce bismilla.

Ta fara da shi daga tushe. Soket na da wuta? Ya sa fitilar tebur, ta kama. Akwai wani ɗan makunni a bayan akwatin, kusa da inda wayar wuta ke shiga, a kunne yake? Ya ce shekara goma sha uku yana tare da akwatin nan bai san da shi ba. Ya danna shi, fanka ta daina tashi gaba ɗaya, ya ce, "Kin ga kin ƙarasa ta." Ta ce ya mayar yadda yake. Fanka ta tashi, ta yi huɗunta, ta kwanta.

"Na gane," in ji Auta. "Maɓallin ne ya maƙale a danne. Ita kwamfutar gani take kamar ka ɗora yatsa ka ƙi ɗagawa, shi ya sa take kashe kanta."

"Ni ban taɓa ta ba."

"Na sani, Baba. Ita ce ba ta sani ba."

Wannan bayani bai shige shi ba, amma ya bar shi. Ta sa ya zare wuta, ta miƙo masa sukundireba ta tsakanin sanduna. Ya kwance noti biyu, ya zame murfin gefe. Ƙurar shekara goma sha uku ta yi masa maraba, ya yi atishawa har uku. Ya leƙa ciki. Tafireta in ka buɗe ta, kana ganin abin da ke tura abin da ke bugawa. Nan kuwa babu abin da ke tura komai. Wani faffaɗan allo ne kore, da wayoyi ja da baƙi da rawaya sun sarƙe da juna.

"Me kake gani?"

"Hanji."

"Baba, ka dubi gaban akwatin daga ciki, bayan maɓallin. Akwai siraran wayoyi da suka taho suka sauka a gefen koren allon. Ka bi su da yatsa."

Ya bi su. Sun sauka kan wasu 'yan ƙarafa masu kama da allurai, a jere layi biyu, kowace waya da ɗan baƙin kanta. Ta ce akwai rubutu a jikin kowane kai, ya karanta mata. Ya karkata tabarau, ya haska tocilar da ta miƙo, ya kusa cusa hanci a ciki. Mutumin da ke hango waƙafin da ya ɓace daga nesa, yau ga rubutu a gabansa ya gagare shi. Ya ce wanda ya rubuta wannan ba don mutane ya rubuta ba.

Haka suka koma lalube. Ya zare ɗaya ya sa wuta, fanka ta yi huɗu ta mutu. Ba ita ba ce. Ta ce ya mayar. Ya ce, ina? Ta ce inda ya ciro. Ya ce ramukan duk kamarsu ɗaya. Ya zare ta biyu ba tare da ya mayar da ta farko ba, sannan ya manta wacce ce wacce. Jaririn ya farka ya fara kuka. Rana ta dawo daidai kan tagar. Auta na jijjiga goyo, tana share gumi da gefen mayafi, tana cewa "ta hagu, Baba," shi yana tambayar hagunsa ko hagun akwatin. An kaɗa ƙararrawar tara, ɗalibai suka fito suka koma, su suna nan. Sau biyu ya miƙe kamar zai je ya zare sakatar ƙofa, sau biyu ya koma ya durƙusa.

A waya ta uku ya sa wuta, fanka ba ta motsa ba sam.

"Ta mutu ɗungurungum," in ji shi.

"Alhamdu lillahi! Ita ce."

"Ta mutu kina hamdala?"

"Wayar maɓallin ka cire. Yanzu ta daina jin ana danna ta. Ka ga allurai biyun da ka zare ta daga kai? Ka ɗora bakin sukundireba ya taɓa su duka biyun lokaci ɗaya, ka ɗaga. Su biyun kawai, Baba, kar ka taɓa na kusa. Kuma a hankali, don girman Allah."

"Da wuta a jiki?"

"Da wuta a jiki. Ba za ta ja ka ba."

Duk rayuwarsa an gaya masa ƙarfe da lantarki ba sa haɗuwa, yau ga 'yar cikinsa tana ce masa ya haɗa. Ya yi addu'ar da ya iya, ya miƙa hannu, ya taɓa. Fanka ta tashi. Ya ƙirga huɗu, biyar, goma, ashirin. Ta ci gaba da juyawa, har akwatin ya yi ɗan kukansa na kullum, ɗit.

"Ta tashi?"

"Fanka ta tashi. Allon kallo baƙi ƙirin."

Nan Auta ma kanta ya ɗaure. Ta ce ƙila garin girgizawa ya sassauta wani abu. Ta sa ya kashe, ya danna wasu dogayen faifai biyu da ke tsaye a kan koren allon, ya sake taɓa alluran. Baƙi. Ta sa ya cire faifan ya hure ya mayar. Baƙi. Suka yi kusan awa guda suna wannan, tana lissafo cututtuka masu sunaye, shi yana jin kowanne kamar ana karanta masa takardar kora. A ransa har ya fara ganin kansa da 'yar jaka a hannu. Can ta ce, cikin gajiya, ya dubi ƙasan allon kallon, 'yar fitilar nan wane launi take nunawa.

"Ba na ganinta. Na juya shi bango."

"Ka juya shi bango? To ta ina ka san baƙi ne?"

"Ina leƙawa ta gefe, ta ƙarƙashin tawul."

"Wane tawul?"

"Wanda na rufe shi da shi da kika zo. Kar ya kama ki hango ta taga."

Ta ce, "Baba, wayarsa fa?"

Ya dubi kan kujera. Ga wayar allon nan a naɗe tsaf, inda ya ajiye ta da hannunsa lokacin da ya ce ta dakata. Kunya ta rufe shi. Daga waje ya ji wani sauti, ya kasa gane dariya take ko kuka, kuma bai ɗaga labule ya duba ba.

Ya mayar da wayar, allo ya kawo haske, ga tambayoyinsa nan lafiya lau. Ta sa ya ɗauko wayar wani ƙaramin maɓalli da ke ƙasan wanda ya nutse, wanda ba ya amfani da shi, ya soka ta a kan allurai biyun, ta ce daga yau shi ne makunninsa, kuma da ɗan ƙaramin yatsa zai riƙa taɓa shi. Ya saki labule ya hau aiki. Firinta ta yi ta amai har la'asar ta kawo kai. Ya ƙirga, ya liƙe, ya rattaba hannu, ya fito rungume da ambulan shida, ƙura har gira, yana tafe yana jin kansa kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

A baranda ya yi kiciɓis da Shugaba, ta dawo daga taro, maigadi na biye da ita da kwali a ka.

"Baba Akawu, sannu da fama! Maigadi ya kira ni tun safe ya ce kwamfutarka ta mutu. Kar ka damu, na tsaya a wani shago a gari na fitar da su duka."

"Kin fitar da me, ranki ya daɗe?"

"Tambayoyin mana."

"Daga ina? Na ƙone su jiya."

"Daga wayata." Sai a lokacin ta lura da abin da ke rungume a ƙirjinsa, muryarta ta sauka. Ta ce ai malamai a waya suke rubutawa, su tura zauren malamai da suke da shi a cikin wayar, ta duba ta gyara. In ta amince, sai kowa ya zauna ya kwafe nasa da hannu ya sa a ambulan, tunda shi ba ya karɓar komai sai haka.

"Tun yaushe?"

"Zai kai shekara huɗu."

"Malamai nawa ne a zauren?"

"Mu ashirin da uku ne. Amma ba ta taɓa fita ba, Baba, a iya sanina. Ba mu so mu ɓata maka rai ne. Kuma bugunka ya fi tsabta, wallahi naka za mu raba gobe."

Ta karɓi ambulan ɗin daga hannunsa, ya sakar mata ba tare da ya sani ba. Ya so ya yi fushi, ya rasa da wa zai yi. Ya so ya yi tambaya, ya rasa ta inda zai kamo ta. Waya ashirin da uku, a gida ashirin da uku, a kan tabarma da gefen gado da hannun yara masu wasa, shi kuwa yana nan yana ƙona takarda a gwangwani.

Auta na zaune a ƙarshen barandar, ta sami inuwa a ƙarshe, tana shayar da jaririn a ƙarƙashin mayafi. Fuskarta ta yi baƙi da rana. Ya tako ya tsaya a kanta.

"Kin ji abin da ta ce?"

"Na ji."

"Ba ki yi mamaki ba."

"Baba, wa ke gyara wayoyin malaman nan? Duk zango sai biyar ko shida sun kwana a shagona, da lambobin buɗe su a rubuce a bayansu."

"Kenan kin sani. Kika tsaya min awa huɗu a rana."

"Kai ka ce ba a shiga."

Akwai sauran tambaya ɗaya, ba ya son yin ta, amma shekara talatin da ɗaya ba su bar shi ya haɗiye ta ba.

"Kin taɓa buɗewa?"

"Ban taɓa ba."

"Ga 'yarki a makarantar."

"Ga ta kuwa. Bara lissafi ya kayar da ita, ta wuni tana kuka, kai ma ka zo ka rarrashe ta. Wayar malamin lissafi kwana uku ta yi a jakata kafin jarrabawar."

Ta faɗa ne tana gyara wa jaririn hula, ko ɗago kai ba ta yi ba. Baba Akawu ya zauna a kan simintin kusa da ita. Ya cire tabarau zai goge ƙura, sai ya ga ba ƙurar ce ta hana shi gani ba.